Injin Zuga a Maƙerar Lirwanu

Jama'a, ranar Laraba na saɓa galmata na tako daga Shagari har Bodinga. Ruwa ya sauka, gona na jira, bakin galma kuwa ya tsage. Na iske manoman Lambara da na Dandin Mahe sun yi jugum a gindin bango da kayan aikinsu, maƙerar Lirwanu babu wuta, sai ƙauri kamar an babbake akuya.

Ashe alheri ne ya same mu. Manyanmu na birni, Allah ya ƙara musu basira, sun duba sun ga zugazugin fata abin kunya ne a wannan zamani na Turawa. Suka aiko da injin zuga mai aiki da lantarki, haɗe da wani injin da ke ba shi wuta, suka kwashe zugazugin don kada tsoho ya koma gidan jiya. Mai Girma Uban Ƙwararru, mai gajeren wando da alƙalami uku a aljihu, shi ya kunna da hannunsa mai albarka. Iska ta taso ta watsa gawayi har cikin ƙullun Daso mai ƙosai, tartsatsi ya kama rufin rumfa. Aka tafa, aka kashe wutar.

Uban Ƙwararru ya ce abu mai sauƙi ne, a murɗa wannan maɓalli a rage masa gudu. Ya hau mota ya tafi. Lirwanu ya murɗa. Inji ya shiga nishi, ya yi zafin da ba a taɓawa, sannan ya fara hayaƙi. Kwana uku ke nan ana haka.

Lirwanu bai iya boko ba, amma shekara arba'in yana tare da wuta. Ya gaya mini ya lura in injin na gudu sosai jikinsa da sanyi, don akwai 'yar farfela a bayansa tana yi masa fifita. In an rage gudu fifitar ta mutu, shi kuma yana ta jan wuta.

"Ka gani," in ji shi, "ba gudu ad damuwatai ba. Iska ta tay yi muna yawa."

A gabana ya yanko gefen garwar kananzir, ya yi wa bututun iskar 'yar ƙofa mai zamewa. Ya bar inji ya yi gudunsa, in yana son wuta kaɗan ya tura ƙofa, in yana son ta da yawa ya ja. Ya matsar da injin nesa da tartsatsi, ya hana kowa rufe shi da tsumma. Kafin la'asar galma goma sha ɗaya sun tashi, har da tawa.

Muna nan sai ga Mai Girma ya dawo rangadi. Ya ga garwa a jikin kayan hukuma, ya yi faɗa har alƙalami ɗaya ya faɗi. Lirwanu ya durƙusa yana ta "Ranka shi daɗe, kuskure na." Can Mai Girma ya dafa injin ya ji sanyi, ya zaro littafi ya zana ƙofar da kyau.

Jiya na ji an yaba wa Mai Girma a birni kan wannan ƙirƙira tasa. An ce ma za a raba wa maƙera irin ƙofar, an riga an yi odarta daga Ingila. Da yardar Allah za ta iso bayan kaka.