Kwaɗon Bushiya a Gaban Majalisa

A wani daji da ke gefen fadama, an yi wata tsohuwar bushiya wadda duniya ta bar wa abu guda tak: kwaɗo. Mujiya ta kwashe 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, sai ta tsinci wannan ɗan kwaɗo a bakin kududdufi, ta kai shi raminta, ta raɗa masa suna Tunau. Ba mai iya jingina da bushiya saboda ƙaya, amma Tunau ya san inda zai kwanta a ƙarƙashin haɓarta.

Aibinsa ɗaya ne, ba ya cin komai sai shinge, shinge kuwa baƙon farkon damina ne. Da ya ɗauke, Bushiya ta shiga kamo fara da gyare da tana. Sai ta kashe su, ta cire ƙafafun don kada su shaƙe shi, ta jera masa. Ko kallo ba su ishe shi ba. Tunau ya rame har fatar cikinsa ta yi yaushi, ita kuma tsoro ya hana ta sakat.

An ce wanda ya faɗa ruwa, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ta ɗauke shi sai gindin tsamiya, inda Majalisar Lafiyar Ƙananan Dabbobi take zama a ƙarƙashin shugabancin Zalɓe. Dokokin majalisar biyu ne. Ba abin da ke motsi a gaban shugaba sai da izini, don haka duk ƙwaron da za a shigo da shi sai an kashe shi a ƙofa. Kuma majinyaci ba ya cin komai sai 'yan majalisa sun ɗanɗana sun tabbatar ba guba.

Zalɓe ya ɗaga dogon wuyansa ya ce, "Iya, kin zo inda ya dace. Ba don irin wannan ba, me ya tara mu? Ki riƙa kawo abinci iri-iri kowace safiya, mu bincika. Mun ɗaukar miki alkawari, sai mun raba yaron nan da tsirfa."

Ta riƙa kawowa. Balbela ta ɗauki binciken fara, Hankaka ya karɓi na tana, Ƙadangare ya ce shi gwanin gyare ne tun kakanni. Bincike ya yi zurfi sosai, har yakan zama ƙafa ɗaya ko fiffike ne ke isa gaban Tunau, shi kuma ya lumshe ido. Kafin rani ya raba, wuyan Hankaka ya yi kauri, Balbela ta fara tashi da ƙyar.

Ran nan aka yi kuskure a ƙofa. Wani gyare bai gama mutuwa ba, ana ajiye shi ya yi tsalle. Kafin ya dira, harshen Tunau ya cafke shi. Ya haɗiye, ya buɗe ido yana neman ƙari.

Bushiya ta fashe da kukan murna. "Ranka ya daɗe, ya ci! Wallahi ya ci! Ashe ba shinge yake so ba, mai motsi yake so. Ni ce nake kashe masa abinci da hannuna. Allah ya saka muku, bari in kai shi gida."

Kowa ya ga abin da ta gani, kuma kowa ya ga karin kumallon gobe yana shirin tafiya.

Hankaka ya gyara murya. "Ranka ya daɗe, ina da magana. Abin da ya faru ba ci ba ne, karya doka ne. Ƙwaro ya motsa ba izini, majinyaci ya haɗiye abin da ba a ɗanɗana ba. In muka kira wannan waraka, gobe kowace tsohuwa sai ta zauna a raminta ta yi wa nata magani, ta ce ta fi majalisa sani. Kuma wa ya san abin da ke cikin gyaren nan? Ni dai tausayin yaron nake ji."

Ƙadangare ya yi ta gyaɗa kai, kamar yadda ya saba a kowace magana.

Zalɓe ya ce, "Iya, kin ji da kunnenki. Da bakinki kika ce ke kike hana shi ci, to ta yaya za mu mayar da shi hannunki? Ruwa ba ya tsami banza. Majinyaci zai zauna a gidana cikin fadama, in sa masa ido da kaina, har a ga abin da gyaren zai haifar."

"Ranka ya daɗe, shi kaɗai gare ni," in ji ta. "Ku bar ni in bi shi, ko a bakin ruwa in kwanta."

"Ƙayarki za ta tayar wa majinyata hankali," in ji Balbela cikin taushin murya.

Haka Zalɓe ya ɗauki Tunau a baki, a hankali, ya tashi da shi. Bushiya ta bi inuwarsu da gajerun ƙafafunta har inda laka ta tsayar da ita. A nan ta dunƙule, ba wanda ya iya matsowa ya rarrashe ta.

Majalisa dai ba ta saɓa alkawari. Tun daga ranar, ba a sake jin Tunau ya ƙi wani abinci ba.