Ƙudajen Juwairiyya a Ɗakin Wake

"Lafiya lau na kwana, tunda ni ba da ƙudaje nake kwana ba," in ji Malam Ɗantani, yana amsa gaisuwar jikarsa Juwairiyya yana hararar ta.

Kwana uku ke nan da ta dawo Ba'awa daga jami'a da kwalabe cike da ƙananan ƙudajen nan masu bin ruɓaɓɓen mangwaro. Ta jera su a ɗakin ajiyar wakensa, wai nan ya fi sanyi. Tun ranar hankalin tsohon bai kwanta ba. Shekara hamsin yana yaƙi da ƙwari, yau ga jininsa tana ciyar da su, tana leƙa su da gilashi tana rubuce-rubuce. Ruwa ba ya tsami banza. Don haka ya ɗauko gwangwanin maganin ƙwarin wake, zai zuba ya toshe ɗakin, kowa ya huta.

"Angona, mene ne wannan a hannunka?"

"Maganin bokaye."

"In ka buɗe shi ka kashe mini aikin shekara guda. Da su zan gama karatu."

"Karatu ko tsafi? Wa za ki tura wa? In ni ne, na fi ƙarfinki."

"Kai da ko haƙori babu, me ƙuda zai samu a jikinka?"

"Tsohon doki sai mai shi. Faɗi gaskiya, amarya, ko na sake ki yanzu."

Ta zauna a bakin ƙofar ɗakin ta tare hanya. Ta ce jikin ƙuda, kamar na mutum, ƙananan ƙwayoyin halitta ne suka haɗa shi, kuma suna aika wa juna saƙo. Wata a ce mata ta zama fiffike, wata ido, wata kuma a ce ta mutu don gaɓar ƙafa ta fita daidai. Malam Ɗantani ya taɓe baki, ya ce bai taɓa jin an gina abu da kisa ba.

"In gero ya tsiro goma a rami ɗaya, barinsa kake yi?"

Ta kama shi. Shi da hannunsa yake ragewa don sauran su yi zangarniya. Amma ya ƙi saki.

"To wadda aka ce ta mutu ta ƙi fa? Tunda na san akwai masu kunnen ƙashi irinki."

"Sai ta yi ta hayayyafa, ta zama ƙari." Ta sassauta murya. "Shi ne ciwon dajin da ya ɗauke Inna Saude. Shi nake son ganewa, Kaka."

Shekara shida da rasuwar matarsa, ba wanda ya taɓa gaya masa abin da ya cinye ta, sai dai a ce ya yi haƙuri. Ya daɗe yana kallon kwalaben, sannan ya tura gwangwanin aljihu, ya ce waken zai koma zaure.

Ya zagaya bayan gida, ya dawo da gwaiba guda uku da suka nuna har suka yi laushi, ya dangwara mata a cinya yana dariya, idonsa ya ciko.

"Ki ba 'yan banzan su ci. In sun faɗa miki wani abu game da Saude, ni za ki fara gaya wa."