Taken Da Na Ɗauko Daga Majigi

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da motar majigi ta fara zuwa Dutse ba, domin a shekarar na kusa rasa mata da mutunci a yammaci guda, kuma da ƙafata na je na ɗauko wa kaina abin. Lokacin ina saurayi, gemu bai gama haɗuwa ba, ina taya mahaifina karantar da yara a zaurenmu na Garu. Turawa ke mulkin ƙasa. Ni kuwa mai mulkina Delu ce, 'yar Sarkin Noma.

An kai gaisuwa, an karɓa, amma ba a sa rana ba. Duk wanda ya san Sarkin Noma ya san karɓar goro a wajensa ba ta nufin komai, sai ya buɗe baki ya ce ya bayar. Ƙaton mutum ne mai tumbi da jajayen idanu, ba ya dariya, ba ya kuma ɗaga murya. An ce ya taɓa lanƙwasa garma da hannu don maƙeri ya yi masa musu a kan ingancin ƙarfenta (ban gani ba, ban kuma taɓa jin sha'awar tambayarsa ba). Tsoronsa nake ji ƙwarai. In na hango shi a hanya, tun daga nesa nake tuɓe takalmi in durƙusa, wani lokacin sai mutum ya matso in ga ashe ba shi ba ne.

Da aka yi shela za a nuna majigi a filin kasuwa, sai Malam, wato mahaifina, ya tara mu ya ce wannan dodon bango ne, duk ɗan gidansa da ya taka wurin to ya nemi wani uban. Ban taka ba. Abin da dai na yi, da an idar da sallar isha'i sai in ɗauki buzuna in hau dutsen bayan gidanmu, wai zan yi tilawa inda babu hayaniya. Daga can ba a hango farin ƙyallen da suke haskawa, itatuwan dabino sun tare. Maganar mai bayani ma ba ta isowa, sai wani gunji kawai. Amma kiɗan da ke bin hotunan, shi kam iska tana kawo shi har cikin kunnena.

Ni kuma ina da kunne, wannan ko maƙiyina ya shaida. Ƙira'a sau ɗaya nake ji in ɗauke. Kafin motar ta bar gari na haddace kiɗa uku tsaf, har na zama alƙalinsu ni kaɗai a kan dutse. Na farko mai rawar kai ne, ba shi da nauyi. Na biyu na sojoji ne, tafiya kawai yake sa mutum. Na ukun shi ne ya kama ni. Yana farawa da wata murya mai kauri daga can ƙasa, kamar ta ƙaho, ta yi gurnani ta tsaya, ta sake yi ta tsaya, sannan sauran kayan kiɗan su biyo baya da sauri, suna ƙara sauri har ƙarshe. Duk sa'ad da aka sa shi sai in ji filin kasuwa ya ɗauka gaba ɗaya. Na ce a raina, wannan kiɗan wani gwarzo ne, kuma an zalunce shi da aka bar shi a cikin akwatin kiɗan majigi. Kamata ya yi a tara masa makaɗa sosai, kowa da abin kiɗansa, a fitar da shi fili.

Za ka ce me ya hana ni tambayar wani abin da ake nunawa lokacin da ake kiɗan. Tsoron Malam ne. In na tambaya an san na saurara, kuma a Garu magana ba ta kwana a inda aka yi ta.

Ana cikin haka aka sa bikin yayan Delu, bayan an gama shigar da hatsi. Kowane mai neman shiga a gidan yana shirin abin da zai kai. Ni na ga dawa da gero Sarkin Noma ya fi kowa, me zan kai masa? Sai dabara ta faɗo mini (da ma ta wuce kaina ta faɗa wa wani). Na ce sabon take zan kai masa, irin wanda ba a taɓa kaɗa wa kowa ba a ƙasar Dutse.

Makaɗan garinmu ba su rufa asiri, don haka na hau jakinmu na nufi Aujara, na ce wa Malam zan je gaida goggona. A can akwai Makaɗa Tanko, tsoho mai gangar noma, da jama'arsa. Majigi bai taɓa zuwa garinsu ba. Na zauna a gindin durumi na rera masa kiɗan uku da baki, ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya ce wannan kalangu ɗaya ya ishe shi, na 'yan mata ne a dandali. Na biyu ya ce in aka kaɗa shi a ƙauye samari za su watse cikin jeji, su ɗauka an zo ɗibar soja. Da na rera na uku sai ya tauna goro, ya sa na maimaita.

"Ɗan Malam, wannan kiɗan na wane ne?" in ji shi. "Kowane kiɗa da mai shi."

Na ce na wani babban manomi ne a ƙasar Turawa. Ban san inda na samo wannan ba, amma na faɗe shi da ƙarfin zuciya kamar tare muka yi noma. Tanko ya ce shi dai yana jin kamar wani abu na motsi a cikin kiɗan, abin da bai natsu ba. Na ce ai ƙasa ce ke motsi saboda takun mai shi. Ya gyaɗa kai. A nan muka raba aiki: babbar ganga ta ɗauki gurnanin farko, goge ya amsa mata, kalangai su shigo da saurin, sarewa ta bi ta sama, masu duma su cike ƙasa. Da suka haɗa shi a karon farko, wallahi hawaye ne ya zo mini. Ya ninka na akwatin daɗi.

Ranar biki, bayan la'asar, ƙofar gidan Sarkin Noma ta cika maƙil. Shi yana zaune a kan shimfiɗa cikin babbar riga, dattawa sun kewaye shi. Ni ina can gefe tare da abokina Habu, na sha sabuwar hula, ina ta leƙen hanya. Sai ga Tanko da mutanensa. Maroƙinsu ya buɗe murya ya sanar cewa ga sabon take ɗan Malam ya aiko wa Sarkin Noma, ya kama sunana da na ubana da na kakana, don kada a yi kuskure. Sarkin Noma ya miƙe tsaye, kamar yadda mai take ke yi in an kira shi.

Babbar ganga ta yi gurnanin farko. Wurin ya yi tsit. Ta yi na biyu, sai na ga wani dattijo ya cusa gefen rawaninsa a baki. Na ɗauka daɗin ne ya ratsa shi. A na uku wata tsohuwa daga cikin soro ta kasa riƙewa, ta saki dariya, sai kowa ya bi. Ba irin dariyar biki ba. Mutane na riƙe ciki, yara na birgima a ƙasa, wasu samari suka kama mazagin wandonsu suna gudu-gudu a wuri ɗaya. Su kuwa makaɗa, da suka ga wuri ya ɗauka, sai suka ƙara ƙaimi.

Habu ya damƙe hannuna, fuskarsa ba alamar wasa. Ya tambaye ni ko na haukace ne. A nan, cikin raɗa, ya ba ni labarin da duk Dutse ta sani ban da ni. Hoton na tsafta ne. Wani ƙaton manomi ne mai tumbi aka ce ya daina shan ruwan kududdufi ya ƙi, aka ce ya haƙa masai ya ƙi. Gurnanin nan da na ɗauka takun gwarzo ne, cikinsa ne ke ƙugi. Saurin da ke biyo baya kuwa gudunsa ne zuwa bayan rumbu, riƙe da wando. Kuma Sarkin Noma a sahun gaba ya kalla, tare da manyan gari.

Na ɗaga ido. Yana nan tsaye inda yake, bai motsa ba, idanunsa a kaina. Ya ɗaga hannu ɗaya, kiɗa ya mutu. Ya juya ya shiga gida. Yadda na isa gidanmu ban sani ba, amma hular nan ban sake ganinta ba.

Kwanakin da suka biyo baya ban iya cin abinci ba. Ko akuya ce ta taɓa ƙyauren zaure sai in zabura. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yara sun fara busa kiɗan da baki a lungu in Sarkin Noma ya gifta. A wajenmu take in ya manne wa mutum, da shi za a kai shi kushewa, 'ya'yansa ma su gada. Na san Delu ta kuɓuce mini. Tambayar da ta rage kawai ita ce ko haƙarƙarina zai tsira.

Sai ga aike daga Sarkin Noma, ana neman Malam da ni. Muka tarar da shi a zaurensa shi kaɗai. Na durƙusa can bakin ƙofa, kusa da takalma. Bayan sun gaisa da Malam ya juyo.

"Yaro, ka kalli majigin nan?"

"Ban kalla ba, Baba."

"To da me ka zaɓo mini shi?"

"Da kunne, Baba. Daga kan dutsen bayan gida."

Malam bai dube ni ba. Cewa kawai ya yi, "Tilawar ke nan." Da ma ya zabga mini mari da ya fi mini sauƙi.

Sarkin Noma ya gyara zama. Can ya ce da na ce na kalla, da maganar Delu ta mutu a wurin, domin zagi ne na yi masa da gangan. Wauta kuwa ana iya zama da ita a cikin dangi, kowane gida akwai. Har na fara jin numfashina ya dawo, sai ya ci gaba.

"Amma take in ya fito daga bakin ganga ba ya komawa, sai ya sami mai shi. Ni ba zan ɗauka ba. Ranar kasuwa makaɗan nan za su bi ka da shi tun daga 'yan dabbobi har 'yan hatsi, maroƙi na faɗa wa mutane naka ne. In ka iso gabana da ƙafarka, a sa rana. Kuma ban yarda ka yi gudu ba."

Na dubi Malam ko zai ce ɗan malami ba ya tafiya da ganga a bayansa. Ya ce hukunci ya yi daidai.

Ranar kasuwa da safe mahaifiyata ta ga na rame, ta dama mini fura da nono cikin babbar ƙwarya ta tsaya a kaina sai da na shanye. Cikin da ya kwana biyu bai ga abinci ba, ga tsoro. Ka dai san sauran. Muna barin 'yan dabbobi, babbar ganga ta yi gurnani, sai na ji an amsa mata daga cikin rigata. Na ce la haula. Kasuwa ta dare gida biyu, mutanen Miga da na Ringim da suka zo cin kasuwa suna tambayar abin da na yi, ana ba su labari. Ni kuwa ina takawa a hankali, ƙafa a matse, gumi na zuba, ina karanto duk addu'ar da na sani. Masu kallo suka ɗauka ƙasaita nake yi. Ban taɓa sanin kasuwarmu na da tsawo haka ba.

Na iso 'yan hatsi. Sarkin Noma na zaune a kan buhu. Na durƙusa da ƙyar, na gaishe shi. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce a gaya wa Malam ya turo a sa rana. Ban tsaya godiya ba. Na miƙe na kama mazagi na zura bayan rumbunan kasuwa, daidai lokacin da kalangai suka shigo da saurinsu. An ce ranar ce kaɗai aka taɓa ganin haƙoran Sarkin Noma a waje.

An ɗaura aurena da Delu kafin ruwa ya sauka. Da ta tare, maganar farko mai tsawo da ta yi mini ita ce ita ma ta kalli hoton daga ɓangaren mata, da na aika ƙanwarta ta tambaye ta da ta faɗa mini. Tun daga nan na koyi darasi: kome daɗin abu a kunnena, ba na kai wa babba sai na tambayi wanda ya gan shi da ido, kuma yawanci a cikin gidana mai idon take. Taken kuwa har yau nawa ne. Jikokin Tanko in sun hango ni a taron biki sai su saki na kowa su kama shi, ni kuma in miƙe tsaye da sandata, domin mai take ba ya zama.