Hamsin da Ɗaya a Kowace Taya

Kwana uku da sayen ƙaramar motata, aka ce ni zan kai Baba, surukina, asibiti a Sennar, a duba masa ido. Kafin mu bar Mai Wurno na biya wurin mai faci don a ƙara iska. Ya tambaye ni nawa zai sa. Na durƙusa, na share gefen taya da hannun jallabiya, na ga an rubuta hamsin da ɗaya.

"Ustaz, ya yi yawa," in ji shi.

Na ce masa ni malamin lissafi ne, kuma waɗanda suka ƙera tayar ba su yi shawara da shi ba. Ya cika duka huɗun yana kallon sama.

Da muka hau kwalta motar ta kama tsalle kamar ɗan akuya. Sau biyu rawanin Baba yana bugun rufi. Shekara talatin ya yi yana tuƙin lori, amma kunyar suruki ta hana shi magana, sai jan carbi. Muna dab da Sennar, rana ta take, tayar baya ta fashe.

Baba ya fito a hankali, ya buɗe ƙofar direba, ya ɗora yatsa kan wata 'yar takarda da ke manne a jikin ƙarfen. Talatin aka rubuta.

"Ni da zan je ganin likitan ido na gan ta," ya ce. "Wancan hamsin da ɗayan iyakar abin da taya ke iya ɗauka ne."

Har yau, in na miƙa hannu zan ƙara tuwo a gidansu, sai ƙannen matata su ce, "Yaya, a tsaya a talatin."