Yadda Za Ka Zama Sarkin Yaƙin Zangarma Ba Tare da Ka Yi Gumi Ba

Ɗan'uwa, in ka gaji da zama mutumin da ko akuyar gidansa ba ta tsoronsa, matso kusa. Zan koya maka yadda ake zama sarkin yaƙi a ƙasar Zangarma, inda rana biyu ke fitowa kowace safiya, koguna na tafasa, giwaye kuma haurensu na ƙarfe ne. Kada ka wahalar da kanka neman mota a tashar Dutsin-Ma. Zangarma a cikin waya take, wasan yaƙi ne da ake yi da mutanen duniya. Ban yi boko ba, amma maƙwabcina Rabe na nan Birchi ya bi matakan nan a gaban idona. Ka bi su yadda ya bi su, na ba ka tabbaci kafin a yanke gero sunanka ya kai kasuwar Kurfi.

Mataki na 1: Ajiye sunan yanka

Ba a cin gari da suna Rabe. Mai irin wannan suna gishiri ake aikensa saye. Nemi sunan da in an faɗa, kaji za su shiga akurki. Rabe ya zaɓi Baƙin Hadari Mai Cin Birane.

Daga nan sai sutura. Ɗauki sulken fatar kada, da hular ƙarfe mai ƙaho, da takobin da aka ce tsawa ce ta ƙera shi. A cikin waya ƙirjin Baƙin Hadari ya kai faɗin ƙofar zaure. A waje kuwa, Rabe in iska ta taso sai ya riƙe bango. Kada wannan ya dame ka, mutanen Zangarma ba sa ganin waje.

Mataki na 2: Kafa fada

Fada ba a cikin gida take ba, domin cikin gida akwai mace, mace kuma tana da tambayoyi. Fada tana inda sabis ɗin waya yake. A unguwarmu sabis ya zaɓi kan wani tsohon suri a gindin darbejiya, nan Rabe ya shimfiɗa buhu. Daga kan surin nan ya ci Birnin Toka, ya kama macijin sama mai aman wuta ya sa masa linzami, ya karɓi mubaya'ar mutanen Kwarin Ƙasusuwa masu ido ɗaya. Gara na cin bakin wandonsa yana cin garuruwa. Kowa da abin da Allah ya hore masa.

In an yi maka sallama kada ka ɗago kai. Ɗaga hannun hagu kawai. Manya haka suke.

Mataki na 3: Ciyar da talakawanka

Rundunar da ba ta ci ba ba ta yaƙi, saboda haka sai ka yi noma. Kwantar da hankalinka, noman Zangarma da babban yatsa ake yi. Ka taɓa ƙasa, alkama ta fito. Ka sake taɓawa, ta shiga rumbu. Babu galma, babu ciwon baya, babu jiran hadari.

Sai dai za a riƙa tuna maka da wata gona, wadda ubanka ya bar maka. Ta Rabe tana kan hanyar Shema, kuma bana damina ta zauna sosai, ciyawa ta samu abin da take so. Matarsa Zaituna ta biyo shi har fada, tana tsaye nesa da suri.

“Malam, na biya ta gona. Geron ya ɓace cikin harƙiya. Sai na durƙusa kafin na gan shi.”

“Zaituna, kin san rumbu nawa na cika yau?”

“A ina?”

“A Zangarma.”

“To a auno mini tiya ɗaya daga can, na ɗora tukunya.”

Ka lura da abin da Rabe ya yi a nan: mayar da idonsa kan waya ya yi. Sarkin yaƙi ba ya musu da wanda bai san siyasar duniya ba.

Mataki na 4: Ci goro, kada ka je

Wannan shi ne matakin da ke raba jarumi da gama-gari, ka buɗe kunne.

Ka san yadda gayya take a wurinmu. In ciyawa ta fi ƙarfin mutum, sai ya zaga da goro gida gida. Wanda ya karɓa ya ce zai zo ke nan, ba sai ya buɗe baki ba. Yau a taru a nome gonarka, gobe a nome tawa. Ba wanda ke rubuta sunan wanda ya zo, amma ba wanda ke manta wanda bai zo ba.

Maniru, abokin Rabe tun suna kiwon awaki, shi ya fara kawo nasa. Rabe ya miƙa hannun hagu ya karɓa, ya jefa baki, ido na kan waya. Ranar gayya kuwa ko ƙeyarsa ba a gani ba. Da la'asar Maniru ya biyo ta gindin darbejiya, ƙafa duk laka.

“Rabe, lafiya dai? Mun yi ta duban hanya.”

“Kai dai bari. Sarauniyar Ƙanƙara ce ta yi wa abokan ƙawancena ƙawanya. Na yi masu alkawari, ka san ni ba na saɓa alkawari.”

“Ikon Allah. Ita sarauniyar 'yar gidan wa ce?”

“Ba za ka gane ba.”

“Gaskiya ne. Goron dai ya yi daɗi ko?”

“Ya yi.”

“Madalla.”

Haka Rabe ya ci goron Munzali, ya ci na Abdullatif, ya ci na duk wanda ya miƙo. Bakinsa ya yi ja, tafin hannunsa ya yi laushi kamar na jariri. Abin da ake so ke nan.

Mataki na 5: Kira taka rundunar

Wata rana matarka za ta jawo ka har bakin rumbu ta ce ka leƙa. Rabe ya leƙa, ya ga ƙasan rumbu yana kallonsa. Ya je gona, ciyawa ta kawo masa gwiwa, geron ya yi rawaya kamar mai shawara. Ko makaho ya san in aka ƙara kwanaki, bana sai dai a yanka wa shanu. Shi kaɗai kuma ba zai iya ba.

Kada ka ji kunya. Sayi goro ka zaga. Rabe ya zaga, kowa ya karɓa da fara'a, Maniru har da cewa, “Ranka ya daɗe, ai umarni kawai za ka ba da.” Rabe ya dawo gida yana gaya wa Zaituna cewa kwarjini ba ya ɓuya. Ita kuwa sai ta share ɗan geron da ya rage a rumbu, ta daka, ta dama furar mutanen gayya.

Da safe sai ga su, kowa da galma a kafaɗa, har da Ja'afaru mai gangar noma, da Baba Alu ƙanin mahaifin Rabe yana dogara sanda. Suka isa bakin gona, suka jingine galmomi a jikin gawo, suka zauna a inuwa. Sannan kowa ya buɗe tafin hannunsa na hagu, ya shiga danna shi da babban yatsa.

“Me ke nan kuke yi?” in ji Rabe.

Maniru bai ɗago kai ba. Ya ɗaga masa hannu kawai. “Noma muke, ranka ya daɗe, irin na Zangarma. Ni har na gama kunya uku. Munzali, kai fa?”

“Ni na fara girbi,” in ji Munzali. “A buɗe mini rumbu.”

Mataki na 6: Nemi sulhu

Duk babban sarkin yaƙi yana da ranar da zai zauna a tabarmar sulhu. Tsoho za ka nema. Rabe ya durƙusa gaban Baba Alu.

“Baba, ka yi masu magana.”

“In ce masu me? Kai da ke da dakaru masu ido ɗaya, kira su mana. Ciyawar nan ko da ido ɗaya ana ganinta.”

“Baba, don Allah.”

Tsohon ya daɗe yana sosa gemu. “To. Ba ni wayar nan in sa aljihu. Ka ɗauki galma ka kama kunya kamar kowa. Ba za ka sake ganinta ba sai an fita ƙarshen gona. In ka yarda, su tashi.”

Ana cikin haka sai wayar ta busa ƙaho. Rabe ya duba. Sarauniyar Ƙanƙara ce da kanta a ƙofar birninsa, da giwayenta masu hauren ƙarfe. In bai tsaya ya ja runduna ba, abin da ya gina tun rani zai zama toka kafin azahar.

“Baba, ɗan lokaci kaɗan. In rufe ƙofar gari kawai.”

Zaituna ta sauke ƙwaryar fura daga kanta ta ajiye a gabansa, ba da ƙarfi ba.

“Malam, wannan shi ne ƙarshen geron gidanka. In aka sha shi ba a yi noma ba, daga gobe sai ka riƙa kai mu cin abinci wurin sarauniyar.”

Rabe ya dubi waya, ya dubi ƙwarya. Ya miƙa wa Baba Alu wayar da hannu biyu, kamar mai ba da gawa.

Mataki na 7: Faɗi a gaban jama'a

Mutane suka tashi, ganga ta ɗauka. Ka san aikin makaɗin noma: ya zuga na gaba, ya tsokani na baya. Ranar nan Ja'afaru bai ko kalli na gaba ba. Ya liƙe a bayan Rabe.

“Baƙin Hadari Mai Cin Birane! Ga harƙiya ta yi maka ƙawanya! Mai linzamin maciji, kunya ɗaya ta gagare ka? Sara, jarumi, kada sarauniya ta ji labari!”

Daga aljihun Baba Alu kuwa ƙaho sai busa yake, ana jin kururuwar mutanen Zangarma. Tsohon yana shan fura yana dafa aljihu yana cewa, “Ku yi haƙuri, maigidanku na aiki.”

Tafin hannun nan mai laushi ya yi ƙuraje, suka fashe. Rabe bai ajiye galma ba, wannan kam sai a yaba masa. Shi ne na ƙarshen fita, amma ya fita. Da ya waiwaya sai ga gero a tsaye layi layi yana shan iska.

Baba Alu ya ba shi wayarsa. Birni ya ƙone ƙurmus, macijin sama ya koma hannun sarauniya, rumbunan alkama ko ɗaya ba a bari ba. Daga baya Rabe ya ji cewa sarauniyar wani tsoho ne ɗan fansho a wata ƙasa mai nisa, wanda bai taɓa mallakar gona ba. Ga sirrin yaƙin nan kyauta na ba ka.

Yana tsaye yana kallon tokar birninsa, Maniru ya miƙo masa goro.

“Jibi maimai a gonar Abdullatif. Ka duba da kyau kafin ka tauna.”

Rabe ya jujjuya shi a hannunsa mai jini. Ya sa waya aljihu, ya ɓare goron, ya tauna.

Yanzu ko kasuwar Kurfi ya shiga, tun daga layin maƙera ake kira: “Baƙin Hadari! Ga galma mai kyau, ta dace da sarki!” Na ce maka suna zai kai Kurfi. Ban ce maka ta wace hanya ba.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan ya bi ne da ƙafarsa. In gonarka ta zama makiyaya, in matarka ta daina yi maka magana, in makaɗi ya sa ka a bakin ganga har jikokinka su gada, babu hannuna. Kada a turo mini kowa, kada a kai ƙarata wurin mai unguwa. In kuma goron gayya ne za ka kawo mini, ajiye abinka. Haƙorana sun zube, bayana kuma yana ciwo tun bara.