'Yan Tsaki a Akwatin Asma'u

"Lafiya lau, sai sanyi. Amarya, yau an tuna da tsohon miji ke nan?"

Malam Labo ne ke amsa gaisuwar jikarsa Asma'u, yana zaune bakin rumbu a gidansa na Kafur yana ɓarar gyaɗa. Ta ce miji mai haƙori huɗu ai ba ya mantuwa, sai dai a guje shi. Kuma ba wajensa ta zo ba, akwatinta ta zo dubawa.

Akwatin nan shi ne aikinta na jami'a. Malamansu sun ce kowane ɗalibi ya ƙirƙiro abin da zai zame wa mutanen garinsu sana'a. Ita sai ta haɗa akwatin katako mai murfin gilashi, a busar da tumatir a ciki maimakon a shanya shi bakin titi awaki na bi ta kai. Mako biyu ke nan da ta bar masa ya gwada. Gobe malaman za su zo. In ba su ga kauɗa da manoman da suka karɓi abin ba, za a cire ta daga shirin.

Malam Labo ya ce shi dai ya ga ikon Allah, a shekara huɗu ana karatu don a gano cewa rana na busar da abu. Kakarta ta san haka, ba ta taɓa riƙe biro ba. Asma'u ta ce shi ya sa ake tauna tsakuwa a miyar gidan nan, can sauran haƙoran suka tafi.

Ta ɗaga murfin. 'Yan tsaki goma sha uku suka ɗago kai suna kallon ta, ga dusa, ga kashi ko'ina.

"Kaka, mene ne wannan?"

"Ɗalibai ne. Jami'a na sa su. Da, sanyin safe ke kashe min su. Tun da suka shiga aji ko ɗaya bai mutu ba."

Ya jira ta rama. Ta tsaya riƙe da murfin, idonta ya kaɗa.

"Wata shida ina wannan aikin. Gobe kashin kaji zan nuna musu?"

Tsohon ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga rigarsa, ya shiga ɗaki ba gaggawa. Ya fito da ƙwarya cike da kauɗa jawur, ba ƙasa ko ƙwaya ɗaya. Ya ce tun makon farko ya yi ta, ya kai majalisa bayan sallar Juma'a aka yi ta juya ta a hannu. Mutum bakwai za su zo gobe su zauna gaban malaman. Huɗu don tumatir suke son akwatin, uku don kaji. Almustapha kafinta ma har ya zo ya auna.

"Sai dai da sharaɗi. In sun tambayi wanda ya gano na kajin, ki ce mijinki ne."

Asma'u ta ɗauki kauɗa ɗaya ta shinshina, ta share ido da gefen mayafi.

"Zan ce wani tsoho ne da ya mai da akwatina akurki. Tashi ka sallami ɗalibanka, ka wanke ajin tas kafin gobe."

"Na ji. Ɗauki guda cikin ɗaliban, sadakinki ke nan."

Ta ce sai dai biyu. Malam Labo ya yi dariya har haƙoran huɗu suka bayyana, ya tafi neman tsintsiya.