Idon Gadin Albasa

"To, shi idon, wa ka gadinai?"

Hindu na tankaɗe ta ji Kawu Gado ya jefa tambayar nan a zaure. Wanda aka tambaya wani mutumin Aliero ne, mijinta, wanda ba ta faɗin sunansa. Ya kafa kyamara a rumbun albasarsa na Sabiyal, mai gyaran waya ya haɗa ta da wayarsa ta wata hanyar sirri. Ya ce masa ba mai leƙa ta sai shi, kuma ko'ina yake za ta sada shi da albasarsa.

Tambayar ta hana shi cin tuwo. Washegari ya ciro kyamarar, ya kawo ta gida inda zai yi gadinta, ya ajiye ta bisa jeren kwanukan Hindu. Ta tambaya a hankali ko daga nan za ta hango Sabiyal. Ya ce ai ko'ina aka ce, mata ba su san na'ura ba.

Ya duba waya, sai gadon Hindu. Ya zagi sabis, ya tafi kasuwar Jega.

Hindu ta kasa ko gyara ɗankwali, idon kyamarar ya kafe ta. Kunya ta ishe ta, ta cusa shi cikin kwandon albasar miya.

Da yamma ya dawo yana washe baki. Hanyar sirri ta gyaru, ga albasa a waya jajir, manya-manya! Ya sallami mai gadin rumbun. Ya daina zuwa Sabiyal.

Ran nan Kawu Gado ya zo a kan babur, ya ce an kwashe rumbu, ko ɓawo ba a bari ba. Suka je. Mutumin ya tsaya tsakiyar rumbu wayam, ya duba ƙasa, ya duba waya.

"Kawu, idonka na da hanyar sirri?"

"A'a."

"To, albasa tana nan."

Amma ya shiga lura da kyau. A bakin murhu ya ce wa Hindu lallai akwai ɓarawo, har hannunsa ya gani, da lalle. Ta buɗe baki, ta dubi albasar da take yankawa, ta ja hannu cikin zane. Wannan magana ko uwarta ba za ta ji ba.

Ya gyara zama, ya ce, "Ƙyale shi. Ɓarawon ga na da tsoron Allah, kullum guda ɗai yaka ɗauka."